Kwana Bakwai na Farko: Nauyin da ke kan Mai Kamfani a Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci abin da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani a Nijeriya idan ma'aikacinsa ya ji rauni, ko ya kamu da cuta, ko ya rasu a sanadin aiki. An bi sassan dokar da suka shafi sanarwa da wa'adi da zubi, aka gwama su da tsohuwar dokar 1987 da kuma yadda aka saba kashe irin wannan magana a masana'antun Arewa. Maƙalar ta nuna cewa dokar ta sauke wa mai kamfani nauyin biyan diyya daga aljihunsa, ta ɗora masa nauyin ajiye bayanai da kai rahoto a kan lokaci, amma da yawa daga masu kamfanoni har yanzu da tunanin tsohuwar doka suke aiki.

Gabatarwa

A Sharaɗa da Bompai da Chalawa, inda masana'antun roba da majemu da injinan casar shinkafa suke a Kano, haɗari a bakin inji ba baƙon abu ba ne. Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne abin da ke biyo bayan haɗarin. Galibi akan garzaya da ma'aikaci asibiti, manaja ya biya kuɗin magani, a kai wa iyali ɗan abin cefane, in rai ya yi halinsa a je ta'aziyya da ambulan. Dangi su ce ƙaddara ce, sun yafe. A idon jama'a an yi abin da ya kamata. A idon doka kuwa ba a ma soma ba, domin babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya maye gurbin rahoton da aka wajabta kai wa hukuma.

Nazarin ya dogara ne kan nassin dokoki: Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, da wadda ta gada, da Dokar Masana'antu, da Dokar Ƙwadago. Tambayar da aka sa a gaba ita ce: mene ne ainihin aikin mai kamfani daga lokacin da haɗari ya auku har zuwa lokacin da aka biya diyya?

Daga tsohuwar doka zuwa sabuwa

A ƙarƙashin dokar 1987, mai kamfani ne ake bi bashin diyya kai tsaye. Idan ma'aikaci ya rasu, iyalinsa na da albashin wata 42 a dunƙule. Idan ya nakasa gaba ɗaya, albashin wata 54. Tunda daga aljihun kamfani ko na kamfanin inshorarsa kuɗin zai fito, duk rahoton haɗari tamkar amsa bashi ne. Ba abin mamaki ba ne da ɓoye haɗari da jayayya da jan ƙafa suka zama al'ada.

Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka a Disambar 2010, kuma ta sauya ginshiƙin tsarin. An kafa asusu guda, aka danƙa shi ga hukumar NSITF, wadda aka kafa a 1993 ta gaji tsohon asusun tanadin ma'aikata na 1961. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko mai zaman kansa, zai riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, kamar yadda sashe na 33 ya tanada, kuma hukuma na da ikon sake ƙiyasin gwargwadon haɗarin kowace sana'a. Daga wannan asusu ake biyan diyya, ba tare da an tsaya neman wanda ya yi sakaci ba. Sojoji ne kawai aka keɓe, ban da farar hular da ke yi musu aiki.

Tsarin ba Nijeriya ce ta ƙago shi ba. Jamus ta soma inshorar haɗarin aiki tun 1884 zamanin Bismarck, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fayyace ƙa'idojinsa a yarjejeniyarta mai lamba 121 ta 1964. Amma wanda ya karanta fiƙihu ba zai ga baƙon tunani a nan ba. A kisan kuskure, ba a barin mutum ɗaya da nauyin diyya. Aƙila, wato dangin wanda ya yi kisan, ita ce ke tarayya ta ɗauka. Hikimar ɗaya ce: asarar da za ta karya mutum ɗaya, idan aka raba ta a kan jama'a, kowa zai iya da rabonsa, kuma wanda aka cutar ba zai tashi a tutar babu ba don wanda ke da alhaki ya talauce.

Lissafin ma yana bayan mai kamfani. A ɗauka masana'anta tana da ma'aikata 40, kowa na karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Jimillar albashi naira 2,800,000 ke nan, zubin wata kuwa naira 28,000. Idan ɗaya daga cikinsu ya nakasa gaba ɗaya, doka ta ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, wato naira 63,000, kuma asusu ne zai biya, tare da kuɗin magani da na koya masa wata sana'a in hali ya yi. Sashe na 14 ya haramta cire zubin daga albashin ma'aikaci, ko a fili ko a fakaice.

Wa'adi uku

Tsarin neman diyya a kan wa'adi uku yake tafiya. Sashe na 4 ya ba ma'aikaci, ko iyalinsa idan ya rasu, kwana 14 su sanar da mai kamfani. Sashe na 5 ya ba mai kamfani kwana 7 daga aukuwar haɗari ya kai rahoto ga hukuma, mutuwa kuwa nan take ake kai labarinta. Sashe na 6 ya ba da shekara ɗaya a shigar da takardar neman diyya, wadda hukuma ke iya karɓa har cikin shekara uku idan akwai uzuri na musamman.

Na tsakiyar nan shi ne ya fi muhimmanci ga wannan nazari, kuma lafazinsa abin lura ne. Doka ba ta ce a kai rahoton raunin da mai kamfani ya gamsu cewa na aiki ne ba. Ta haɗa har da wanda aka yi iƙirarin cewa na aiki ne. Ma'ana, ko da manaja yana ganin ma'aikacin a gida ya ji ciwonsa, ko shi ya cire murfin inji da hannunsa, ba shi da hurumin yanke hukunci ya riƙe rahoto. Zai kai, ya rubuta shakkunsa da hujjojinsa, hukuma ta tantance. A nan ne ake yawan tuntuɓe, domin mai kamfani ya saba zama alƙali a cikin masana'antarsa, doka kuwa shaida ta mai da shi. Rashin kai rahoto laifi ne a kan kansa, ko da daga baya an gano iƙirarin ba shi da tushe.

Akwai kuma matsala ta zahiri. Wa'adin mai kamfani ya fi na ma'aikaci gajarta, kuma daga ranar haɗari yake farawa. Wanda ya zauna jiran a kawo masa sanarwa a rubuce zai iya wayar gari kwana bakwai ɗinsa sun wuce alhali ma'aikacin bai saɓa wa nasa wa'adin ba. Maganin wannan yana hannun helima da shugaban kowane sashe, ba a ofishin lauya ba. Littafin haɗari da ake ajiyewa a wurin aiki, a rubuta suna da rana da lokaci da wurin da abin ya faru da waɗanda suka gani da asibitin da aka kai mutum, a ranar kafin a tashi, shi ne tushen duk fom ɗin da za a cike daga baya. Ƙaramin yanka ma a rubuta shi; wanda ya ruɓe bayan mako biyu ba za a iya komawa a ƙirƙiro masa tarihi ba. Kada kuma a manta Dokar Masana'antu tana da nata rahoton daban, wanda ake kai wa sufeton masana'antu idan haɗari ya yi kisa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana uku. Kai ɗaya ba ya ɗauke ɗayan.

Iyakar wurin aiki ta wuce bakin ƙofa

Sashe na 7 ya shigar da haɗarin da ya auku a hanya tsakanin wurin aiki da gidan ma'aikaci, ko inda ya saba cin abinci, ko inda yake karɓar albashi, da sharaɗin mai kamfani ya riga ya san wurin. Ga ma'aikacin da ke hawa adaidaita sahu kullum daga Kurna zuwa Sharaɗa, wannan tanadi ba ƙarami ba ne. Amma sharaɗin ya mai da adireshin da ke cikin fayil hujja. Fayil ɗin da aka cike ranar ɗaukar aiki ba a sake taɓa shi ba, alhali mutum ya tashi daga unguwa sau biyu, zai iya jawo jayayyar da ba ta da dalili.

Dokar ta kuma rungumi cututtukan sana'a da kurumcewa saboda ƙarar inji da taɓuwar hankali sakamakon mummunan abin da ya faru a wurin aiki. Waɗannan sun fi wahalar tabbatarwa, domin cutar fata a majema ko ciwon ƙirji daga ƙurar dutse ba su da ranar farawa. Gwajin lafiya lokacin ɗaukar aiki da na lokaci-lokaci, da rubuta sashen da kowa ya yi aiki da tsawon zamansa a ciki, su ne kaɗai abin da likita zai kama.

Wane ne ma'aikaci?

Babbar ɓaraka a masana'antu ita ce ta leburori da masu aikin wucin gadi da waɗanda ɗan kwangila ya kawo. Su ne suka fi kusa da inji, su ne kuma ba sa cikin takardar albashi. Ma'anar ma'aikaci a wannan doka tana da faɗi: ta haɗa da na dindindin da na wucin gadi da mai koyon sana'a, da wanda aka ɗauka da baki ba da takarda ba, har da ɗan aikin gida wanda ba dangin maigidan ba. Dokar ta kuma haɗa wanda ya ba da kwangila da ɗan kwangilar a alhakin zubi, don haka cewa "ba yaronmu ba ne" ba ta fitar da kowa.

Wasu kan rage yawan ma'aikata ko adadin albashi a takardar da suke miƙa wa hukuma don zubi ya yi sauƙi. Ribar ba ta wuce 'yan dubbai a wata, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Diyya a kan albashi ake lissafa ta. Idan sunan wanda ya ji rauni babu shi a takarda, ko an rubuta masa rabin abin da yake karɓa, mai kamfani zai tsaya tsakanin amsa cewa ya yi ƙarya da barin ma'aikacinsa ya cutu. Dokar Ƙwadago ma ta riga ta wajabta ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da soma aiki.

Sulhu da yafiya

Ba a raina kyakkyawar al'adar biyan kuɗin asibiti da zuwa ta'aziyya. Sau da yawa ita ke ceton rai kafin takarda ta motsa a ofis. Kuskuren shi ne ɗaukarta a matsayin rufe magana. Sashe na 13 ya ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai kamfani ta yafe haƙƙinsa na diyya ɓatacciya ce. Takardar da aka sa wa hannu a gaban mai unguwa, ko dangi suka dangwala a zauren makoki, ba ta ɗaure kowa.

Akwai dalilin da ya sa marubucin wannan maƙala yake ganin tanadin ya yi daidai, musamman a wannan yanki. Wanda ke furta "mun yafe" a zaure galibi wan mamaci ne ko baffansa. Wadda aka yafe haƙƙinta kuwa tana cikin gida tana takaba, ba a tambaye ta ba. Sashe na 17 ya ba matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye kashi 90 cikin 100 na albashin mijinta duk wata, mai ɗa ɗaya kashi 85, kuma ana ci gaba da biyan rabon yaro har ya kai shekara 21 ko ya gama digirin farko. Wannan biya a kan dogaro da mamaci aka gina shi, ba rabon gado ba ne, don haka ba hurumin wani dangi ba ne ya yafe shi. Ambulan ta naira dubu ɗari biyu ba ta kai abin da irin wannan iyali zai karɓa cikin wata huɗu ba, a lissafin mafi ƙarancin albashi. Kuma yafiyar ba ta ma amfani mai kamfani da komai, tunda ba shi zai biya ba. Abin da zai taimaka shi ne fayil ya ƙunshi sunayen mata da 'ya'ya da shekarunsu, ana sabunta shi duk shekara, musamman a gidan da ke da mace fiye da ɗaya.

Idan magana ta kai kotu

Wanda bai gamsu da hukuncin hukuma ba, ma'aikaci ne ko mai kamfani, yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na uku ya keɓe wa shari'o'in ƙwadago a sashe na 254C, kuma tana da rassa a Kano da Kaduna. Sashe na 12 ya sa diyyar asusu a madadin ƙarar mai kamfani kan sakaci, kuma wannan ita ce garkuwar da yake saya da zubinsa. Sai dai ana ci gaba da shigar da ƙararrakin sakaci a wannan kotu, kuma wanda bai yi rajista ba, bai yi zubi ba, bai kai rahoto ba, yana da wuya ya tsaya gaban alƙali ya fake da dokar da shi bai bi ba.

Ita ma hukumar tana da nata rabon. Masu kamfanoni sun daɗe suna kokawa kan jinkirin biyan diyya da yawan takardu, kuma jinkiri na ƙarfafa tsohuwar ɗabi'ar kashe magana a gida. Mai kamfanin da ya biya kuɗin magani kafin hukuma ta amsa ya kamata ya adana rasit na kowane kwabo da rahoton likita mai hatimi, ya kuma karɓi shaidar cewa ofishin hukuma ya amshi rahotonsa da kwanan wata a jiki, domin wannan kwanan watan ne za a fara tambaya idan jayayya ta taso.