Tasowar Ɗan Wasan Tsakiya a Ƙasar Kano da Matsayin Yankin Tiga a Tarihinta

Ɗan wasan tsakiya shi ne wanda yake tsayawa tsakanin 'yan baya da 'yan gaba a filin ƙwallon ƙafa, aikinsa kuwa shi ne ƙwace ƙwallo daga abokan karawa da rarraba ta ga 'yan'uwansa, kuma ma'abota tamaula a Kano sukan bambanta mai tare hanya, wanda suke kira lamba huɗu, da mai tsara hari, wanda suke kira lamba goma. Wannan gurbi ya fi dogara ga karantar wasa da iya ajiye ƙwallo a inda ya dace fiye da ƙarfin jiki ko gudu, shi ya sa mai riƙe shi yake buƙatar doguwar tarbiyya a hannun masu horarwa tun yana yaro. Tarihin 'yan wasan tsakiya na Kano, saboda haka, tarihi ne na hanyar da yaro yake bi daga filin unguwa zuwa ƙungiyar da za ta biya shi albashi. Wannan hanya ta sauya hannu sau uku tun daga zamanin Turawa, amma a duk sauyin ba a taɓa shimfiɗa ta sosai zuwa garuruwan kudancin jihar irin su Tiga da Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ba.

Ƙwallon ƙafa ta shigo Arewa ne ta makarantun boko da barikokin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma ta fara kafuwa a Sabon Gari da makarantu irin su Midil ta Kano, wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. A ƙauyukan kudu kuwa, wasannin samari a lokacin su ne kokawa da dambe da langa, waɗanda ake yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Gasar Kofin Gwamna, wadda aka fara a Legas a 1945 kuma daga baya aka sauya mata suna zuwa Kofin Ƙalubale, ita ce ta fara ba 'yan wasan lardi damar gwada kansu da na kudancin ƙasa, kuma a 1953 ƙungiyar Kano ta ɗauki wannan kofi. 'Yan wasan wannan zango na farko ba su ɗauki ƙwallo sana'a ba, domin ɗalibai ne da akawuna da ma'aikata da suke atisaye bayan tashi daga aiki, kuma malamin makaranta shi ne mai horarwa na farko da yaro yake sani.

Zango na biyu ya zo da ƙirƙiro jihar Kano a 1967 da mulkin Audu Bako, wanda ya riƙe gwamna har 1975, kuma a nan ne tarihin Tiga ya haɗu da na ƙwallo. A tsakanin 1971 da 1974 gwamnatin jihar ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, kimanin kilomita 70 kudu da birni, domin shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, aka kuma gina otal ɗin Rock Castle a Tiga da na Bagauda a kusa. Irin waɗannan manyan ayyuka sun haifar da hukumomi masu ɗimbin ma'aikata, ciki har da WRECA, wato hukumar albarkatun ruwa da ayyukan injiniya ta jihar, wadda ta kafa ƙungiyar ƙwallonta kamar yadda Bankin Arewa ya kafa tasa. Tsarin wannan zamani shi ne ma'aikata ta ɗauki matashi mai hazaƙa aiki, ta sa sunansa a takardar albashi, ya riƙa buga mata wasa, in ƙafarsa ta gaji kuma ya ci gaba da zama ma'aikaci. A cikin wannan yanayi ne Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar ƙasa a 1978, shekara shida bayan an fara gasar. Sai dai hedikwatocin waɗannan ƙungiyoyi da filayensu duk a birni suke, har ita ƙungiyar hukumar ruwa, wadda ayyukan uwar gijiyarta suke a karkara.

Tsarin ƙungiyoyin ma'aikatu ya raunana bayan matakan tsuke bakin aljihu da gwamnatin tarayya ta ɗauka daga 1986, lokacin da hukumomi da kamfanoni suka rage kashe kuɗi a kan abin da ba ainihin aikinsu ba. A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, aka haɗe WRECA da Kano Golden Stars da ƙungiyar Bankin Arewa aka samar da Kano Pillars, wadda magoya bayanta suke wa kirari da Sai Masu Gida, kuma Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana kan gaba a wannan aiki. Haɗewar ta samar da ƙungiya mai ƙarfi wadda ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kuma ɗauki kofin ƙasa a 2019. Amma ta kuma mayar da ƙofofi uku suka zama ɗaya, ta yadda tsawon shekaru duk matashin da yake son buga wasan albashi a jiha mai ƙananan hukumomi 44 sai ya nemi idon ƙungiya guda a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

Sani Kaita, wanda aka haifa a Kano a 1986, shi ne misalin lamba huɗu da ya bi wannan ƙofa, domin daga Pillars aka kira shi tawagar Nijeriya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da ta kai wasan ƙarshe a gasar duniya ta 2005 a Holan, inda Ajantina ta yi nasara da ci 2 da 1. A shekarar ce Sparta Rotterdam ta ɗauke shi, ya samu lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2008 a Beijin, sannan ya koma Monaco, wadda ta yi ta bayar da shi aro, wato tura ɗan wasa wata ƙungiya na ɗan lokaci alhali kwantiraginsa yana hannun ta farko. Rabi'u Ibrahim kuwa, wanda aka haifa a Kano a 1991, lamba goma ne da ya haskaka a tawagar Nijeriya ta mai horarwa Yemi Tella da ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu a 2007, kuma Sporting ta Lisbon ta saye shi tun bai cika 18 ba. Bai samu shiga babbar tawagar Sporting ba, kuma zamansa a PSV da Celtic bai ba shi wasanni masu yawa ba, sai da ya isa Sulobakiya a 2015, ya buga wa Trenčín, daga baya kuma Slovan Bratislava, sannan ya samu natsuwa da kofuna. Shekarun da ya kamata ya yi yana buga wasa kowane mako domin basirarsa ta nuna, ya yi yawancinsu ne a benci a ƙasashen waje.

Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, ya bi akasin wannan hanya, domin ya zauna a gida ya zama kyaftin ɗin Pillars, kuma ya haura shekara talatin kafin mai horar da tawagar Nijeriya Stephen Keshi ya tafi da shi gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida a 2014, inda ya ci ƙwallo a wasan da Nijeriya ta farke ci uku ta doke Maroko da 4 da 3. Zango na uku, na makarantun horon ƙwallo masu zaman kansu da dillalan 'yan wasa, ya bayyana a rayuwar Alhassan Yusuf, wanda aka haifa a Kano a 2000, ya tafi IFK Göteborg ta Suwidin a 2018 ba tare da ya yi suna a gasar ƙasa ba, ya koma Royal Antwerp a 2021, ya ci gasar Beljiyam a 2023, sannan ya shiga tawagar Nijeriya da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Kwaddibuwa a farkon 2024. A wannan zango mai makaranta ne yake ɗaukar nauyin yaro da fatan sayar da shi waje, don haka yakan kafa makarantarsa inda dillalai da filin jirgin sama suke.

Kwatanta wannan da Ingila yana nuna inda giɓin yake. A can yaro yakan shiga makarantar horon wata ƙungiya tun yana ɗan shekara takwas ko tara, a ba shi gurbin koyon sana'a a shekara 16, ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru daga shekara 17, kuma tun 2012 akwai tsarin da yake rarraba makarantun zuwa aji huɗu gwargwadon kayan aikinsu da malamansu. Jude Bellingham ya bi wannan tsari a Birmingham City, wadda ta sa shi a babbar tawaga a watan Agusta na 2019 yana da shekara 16 da kwana 38, kafin ya koma Borussia Dortmund a 2020 da Real Madrid a 2023. Abin lura shi ne kowace shekara ta ƙuruciyarsa tana rubuce, da sunan ƙungiyar da ta horar da shi da ranar da aka yi masa rajista, kuma ya buga cikakkiyar kakar wasa a gida kafin ya fita waje.

A yankin Tiga sha'awar ƙwallo ba ta yi ƙaranci ba, domin samari suna cika filayen makarantun firamare bayan la'asar, suna kafa ƙungiyoyin unguwa da karo-karo, ana shirya gasanni da sallah ko a lokacin siyasa, gidajen kallo kuma suna cika a ranakun gasar Firimiya ta Ingila. Amma lokacin yaro a nan rabe yake tsakanin makaranta da gona da damina, da aikin tumatir da shinkafa ko kamun kifi da rani, kuma gasannin da masu neman 'yan wasa suke halarta, irin su Kofin Ramat na matasa da ake yi don tunawa da Janar Murtala Muhammad, a birni ake buga su. Ruwan Tiga yana isa gonakin Kadawa ne saboda an haƙa masa magudana, basirar yaran yankin kuwa ba a haƙa mata irin wannan ba, sai wanda yake da ɗan'uwa a birni da zai sauke shi ya ciyar da shi har a gan shi.

Rashin rubutu yana jawo asarar da ta wuce ta yaro shi kaɗai. Dokokin FIFA, tun daga 2001, sun hana kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18 sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa, sun kuma wajabta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikinsa domin raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23, baya ga diyyar horo da ake biya idan ya fara zama ƙwararre. Daga 2022 hukumar ta buɗe ofishin da yake biyan waɗannan kuɗaɗe bisa fasfon ɗan wasa, wato kundin da yake jera ƙungiyoyin da ya yi wa rajista. Ƙungiyar da ta raini yaro a Ƙiru ko Tudun Wada, in ba ta da rajista da hukumar ƙwallo, yaron kuma ba shi da takardar haihuwa, ba za ta bayyana a wannan kundi ba, ladan wahalarta sai ya tafi ga wanda ya fara rubuta sunan yaron a birni.

Darasin da wannan tarihi yake bayarwa shi ne kowane zango ya samar da 'yan wasa ne a inda wata cibiya ta ɗauki nauyin yaro ta kuma ajiye bayanansa, ko makaranta ce, ko ma'aikata, ko ƙungiyar jiha. Abin da kudancin Kano yake buƙata bai kai tsadar babban filin wasa ba, domin ya ƙunshi yi wa ƙungiyoyin garuruwa rajista, da tabbatar da takardar haihuwa ga kowane yaro, da horar da malaman wasanni na makarantu, da gasa mai ɗorewa tsakanin ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa wadda ba ta jiran shekarar zaɓe. Waɗannan ayyuka suna cikin ikon ƙananan hukumomin da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, kuma su ne za su sa mai horarwar da ya fara koya wa yaro tsayuwa a tsakiyar fili ya samu haƙƙinsa ranar da aka sayar da yaron.