Marisuwa da Hikimar Gane Majinyacin da Ke Cikin Haɗari

A cikin watan Satumba na shekarar 1918, ana dab da gama Yaƙin Duniya na Farko, wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Ikko ɗauke da mutane masu mura. Wannan ce murar da kakanninmu suka laƙaba wa suna Marisuwa. Daga Ikko ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, ta kuma bi kogin Kwara da hanyoyin fatake, har ta game Lardunan Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, a duniya kuwa wajen miliyan 50.

A zamanin nan likitoci ba su san ƙwayar cutar ba, gama ba a gano ta ba sai 1933, a birnin Landan. Abin da su ke da shi ido ne kurum. Sun lura in leɓɓan majinyaci da kunnuwansa suka rine suka yi shuɗi, to, da ƙyar ne ya tashi. Dalili kuwa, huhunsa ya cika da ruwa, iska ba ta isa cikin jini. Abin mamaki, samari da 'yan mata majiya ƙarfi, masu shekara 20 zuwa 40, su ta fi kwasa.

Amma alamar da ba ta bayyana sai rai ya kai ga maƙoshi, amfaninta kaɗan ne. Saboda haka masana suka duƙufa neman alamun da ke zuwa da wuri. A 1974 wani injiniya na ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, ya fito da dabarar na'urar da a ke maƙala wa yatsa ta auna iskar da ke cikin jini. A 2003 kuma likitocin Ingila da abokan aikinsu suka tsara ma'auni na masu ciwon huhu mai abu biyar: ruɗewar hankali, da aikin ƙoda, da saurin numfashi, da faɗuwar ƙarfin jini, da shekara 65 ko fiye.

Da cutar korona ta zo, wadda aka fara gani a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, sai likitocin Ingila suka bincika bayanan majinyata fiye da 35,000, suka fitar da ma'auni mai abu takwas, makinsa daga 0 zuwa 21. Mai maki kaɗan a kan iya jinyarsa a gida, mai maki da yawa kuwa shi a ke fara ba gado da iska. A wannan karo tsofaffi da masu ciwon sukari ko na zuciya su suka fi shiga haɗari. Ka ga ke nan kowace annoba da irin tata ɓarna, ma'aunin wata ba lalle ya dace da wata ba. Har wa yau an gano na'urar yatsa ta kan nuna iska fiye da yadda ta ke a jikin baƙar fata, don haka likita ba ya dogara da ita kaɗai.

To, ya kai mai karatu na ƙasar Yawuri, ko a Birnin Yawuri ka ke, ko Ngaski, ko Shanga, ko bakin tafkin Kainji, hanyar asibitin Yelwa ta kan ci lokaci, balle ga mai shiga kwalekwale. Amma ɗaya daga cikin alamun nan tana hannunka. Dubi agogo, ka ƙirga numfashin majinyaci cikin minti guda. Baligi mai lafiya ya kan yi 12 zuwa 20. In ya kai 30, ko ya soma sambatu, kada a jira gari ya waye.

Allah kaɗai ya san gawar fari. Ma'aunin likita aikinsa shi ne ya nuna wanda ya kamata a fara ceto, tun da sauran dama.