Labarin Zuciya: Daga Gangar Noma Zuwa Hasumiyar Launi

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To yanzu da muke zuba labarin zuciyarmu a waya, inda ba a ganin fuska, wa za a tambaya?

Masu fasaha a Turai da Amurka sun daɗe da fara neman amsa. A 2002 gidan adana zane na Whitney da ke New York ya nuna wani aiki mai suna Listening Post, na Mark Hansen, masanin ƙididdiga, da Ben Rubin, mai fasahar sauti. Ƙananan alluna 231 suka rataye kamar labule a ɗaki mai duhu. Kwamfuta na tsinto jimlolin da mutane ke rubutawa a intanet a daidai lokacin, su bayyana a allunan, muryar na'ura tana karanta su cikin kiɗa. Wani ya ce ya gaji, wata ta ce tana kewa, mai kallo na tsaye yana sauraron mutanen da ba zai taɓa haɗuwa da su ba.

A 2004 garin Doetinchem na ƙasar Holan ya kafa hasumiya mai tsayin mita 12. Mazauna garin na amsa tambayoyi ta intanet, da dare hasumiyar ta haska da launin abin da ya rinjaya: ja soyayya, shuɗi farin ciki, rawaya tsoro, kore ƙiyayya.

Kayan aikin ne sababbi, amma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A karkarar arewacin Kano, ƙasar Dambatta da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa, gona na jingine da gona, ba a barin ƙasa ta huta, taki ke riƙe ta shekara da shekaru. Da damuna ta kankama, ciyawa ba ta jiran kowa, sai a kira gayya. Mai gangar noma na bin manoma kunya bayan kunya. Kowane gwani yana da takensa. In aka kaɗa masa, sai ya ɗaga hauya ya yi kirari, mata su rangaɗa guɗa. In makaɗi ya ga wani ya fara sanyi, sai ya juya kiɗan kansa, ya ambaci ubansa da kakansa. Wato ya karanta gajiya da alfahari da kishi a jikin jama'a, ya mayar musu da su sauti nan take, sautin kuma ya sauya saurin hauyarsu.

Da rediyo ya shigo, aikin ya faɗaɗa. Gidan Rediyon Kaduna ya soma aiki a 1962, shirin Zaɓi Sonka kuma ya sa mutumin ƙauye ya aika kati, a karanta gaisuwarsa, a sa masa waƙa. Kewar ɗan ci-rani ta zama abin da dubban mutane ke ji. Wayar salula ta iso a 2001, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, murya ta soma maye gurbin kati.

A nan ne hanya ta rabu. Makaɗin gayya ya san sunanmu, mu ma mun san gidansu, mu ke ba shi kyauta ko mu hana. Mai sauraronmu na yanzu ba ma ganinsa. A 2014 aka bayyana cewa Facebook ya gwada mutum 689,003 na tsawon mako guda a 2012: ya rage wa wasu labaran daɗi, wasu na baƙin ciki, don a ga ko rubutunsu zai sauya. Ya sauya, ko da kaɗan ne. Ba a gaya musu ba.

Yanzu na'ura na koyon Hausa. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga harsuna huɗu, har da namu, waɗanda mutane suka tantance ɗaya bayan ɗaya: wannan yabo, wannan suka, wannan tsaka-tsaki.

Kayan haɗa irin waccan hasumiya sun fara samuwa ke nan a Kano. Ranar da wani matashi zai kafa ta a kasuwar Dambatta, ta haska fargabar jinkirin ruwa ko murnar kaka, ƙa'idar gayya ce za ta fisshe shi: ya nemi izini, ya tsaya inda za a gan shi, ya mayar wa masu gona abin da ya ji daga gare su.