Harafin C a Jikin Batir: Yadda Ake Zaɓar Batirin Ƙaramin Jirgin Sama Mai Rimot

A Yola da Jimeta, kamar sauran biranen Najeriya, ƙananan jiragen sama masu aiki da batir, waɗanda ake sarrafawa daga ƙasa da rimot, sun daina zama baƙon abu. Masu ɗaukar hoto suna amfani da su a wuraren bukukuwa, masu sha'awar ƙere-ƙere kuma kan harhaɗa nasu. Mafi yawan waɗannan jirage suna aiki ne da batirin litiyam nau'in LiPo, kuma kuskure wajen zaɓarsa kan jawo faɗuwar jirgi, kumburin batir, ko ma gobara.

Abin da lambobin ke nufi

Lambobi uku ne ake rubutawa a jikin batirin. Ta farko ita ce yawan ƙwayoyin da ke ciki: kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.7, don haka batir mai alamar 3S yana da ƙwayoyi uku, wato bolt 11.1. Ta biyu ita ce yawan wutar da yake ajiyewa, misali 2,200mAh. Ta uku, wadda harafin C ke biye da ita, tana nuna iya ƙarfin wutar da batirin zai saki a jere ba tare da ya lalace ba.

Ana raba lamba ta biyu da 1,000, sannan a ninka da lambar C. Batir mai 2,200mAh da 25C zai ba da 2.2 sau 25, wato ampiya 55. Idan an ga lambobi biyu, kamar 25C da 50C, babbar ta fizgar daƙiƙoƙi kaɗan ce kawai, kamar lokacin tashi. Da ƙaramar ake yin lissafi.

Daga injin ake farawa

Injin da farfelarsa ne ke jan wuta, batir bayarwa kawai yake yi. Saboda haka matakin farko shi ne a san ampiya nawa injin ke ja idan an ƙure masa gudu, ko daga takardar kamfani, ko ta hanyar aunawa da mita. A ce yana jan ampiya 30. Idan aka raba 30 da 2.2 za a samu kusan 14C, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Sai a ƙara rara, a ɗauki 20C ko 25C. Idan kuwa batirin ƙarami ne, mai 1,300mAh, injin ɗaya zai buƙaci 23C, don haka 35C ne ya dace. Wato lambar C ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da girman batirin.

Rarar tana da muhimmanci domin babu wani ma'auni guda da ya wajaba a kan duk kamfanoni, kuma wasu kan zuzuta lambar. Batirin da aka ce 100C ne, da za a ja shi a haka, zai ƙare cikin daƙiƙa 36. Haka nan sayen mafi girman lamba ba dabara ba ce: batir mai C mai yawa ya fi tsada, sau da yawa kuma ya fi nauyi, nauyi kuwa yana rage wa jirgi lokacin shawagi.

Zafin Yola

Yola, wadda ke kwarin kogin Binuwai, tana cikin garuruwa mafiya zafi a Najeriya, inda a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyas. Masu ƙera batirin LiPo kan yi gargaɗin kada zafinsa ya wuce digiri 60. Ke nan tazarar da ta rage a bazara ba ta kai digiri 20 ba, alhali zafin da batir ke haifarwa yana ninkuwa huɗu idan wutar da ake ja ta ninku biyu. Batirin da zai wadatar da sanyin safiyar hunturu zai iya gazawa da azahar a bazara. Idan jirgi ya sauka batirin ba ya riƙuwa a hannu, ko ya fara kumbura, ko ƙarfin injin ya faɗi da zarar an ƙara gudu, to C ɗinsa ya yi kaɗan ko kuma ya tsufa.

Caji da ajiya

Kowace ƙwaya tana cika a bolt 4.2, ba a kuma barin ta ta sauka ƙasa da 3.0. Ana caji ne da caja mai daidaita ƙwayoyi, a kan 1C, wato ampiya 2.2 ga batir mai 2,200mAh, bayan ya huce, a kan siminti, kuma da mutum a kusa. Idan za a daɗe ba a yi amfani da shi ba, a ajiye shi a bolt 3.8 a inuwa, ba cikin motar da aka rufe a rana ba. Batirin da ya kumbura ya gama aiki.

Doka

Tun shekarar 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta haramta tayar da jirage marasa matuƙa ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. Filin jirgin saman Yola yana Jimeta ne, kusa da unguwanni, don haka wajibi ne a nisanci sararinsa.