Inugu: Garin da Sunansa ke Kan Tudu

Mu da muke Mile 3 a nan Fatakwal, da na Anaca da na Inugu, kullum sunayen garuruwan nan suna bakinmu, amma ba kasafai muke tambayar ma'anarsu ba. Yau Inugu za mu duba.

A harshen Ibo "enu" shi ne sama, "ugwu" kuma tudu. Wato Enugwu, kan tudu ke nan. Asalin mai sunan wani ƙauye ne, Enugwu Ngwo, wanda har gobe yana can saman tsauni. Turawa sun gano kwal a yankin Udi a 1909, hanyar jirgin ƙasa ta haɗa wurin da Fatakwal a 1916, sai garin ma'aikatan da ya tashi a gindin tsaunin ya ari sunan ƙauyen. A rubuce aka yar da harafin "w", a 1928 kuma aka cire Ngwo, ya rage Enugu. Ka ji fa, gari yana ƙasa, sunansa yana sama! Mu kuma muka zo muka lanƙwasa shi Inugu.

Su ma Turawan haka suka yi wa nasu. Akwai wani tsauni a Lankasha ta Ingila mai suna Pendle Hill. A ƙarni na 13 Penhul ake rubuta shi: "pen" tudu ne a harshen mutanen farko, "hul" ma tudu ne a tsohon Turanci. Da aka manta ma'anar sai aka ƙara Hill, ya zama tudu sau uku. Kada mu yi musu dariya, mu ma a Kano mukan ce Dutsen Goron Dutse.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. A kasuwa, in Ibo za su ambace mu, sukan ce "ndi ugwu", mutanen tudu, Arewa kuwa "Ugwu Awusa". Na ga samarinmu suna harzuƙa da jin haka, suna zaton zagi ne. Mahaifina, wanda ya tsufa a fataucin kudu, amsawa yake yi, kuma ina ganin shi ke da gaskiya, domin kuwa kalmar ce dai ke cikin sunan babban birninsu. Kuma da birnin ya tashi zaɓen magajin garinsa na farko a shekarun 1950, Malam Umaru Altine ya zaɓa, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC.