Daga Minna Zuwa Agadas: Yadda Magabata Ke Shirin Tafiyar Arewa

A zaman ƙungiyarmu na watan jiya wasu daga cikin samarinmu sun kawo shawarar a haɗa kuɗi a ɗauki mota guda, a yi tafiya daga nan Minna har Agadas ta ƙasar Nijar, wasu don ziyarar dangi, wasu don neman hanyar kasuwanci, wasu kuwa don ganin ido kawai. An yi lissafin kuɗin mai, an yi na abinci, har da na canjin sefa. Da wani dattijo ya tambaya ko wa zai zama madugu, sai aka fashe da dariya, aka ɗauka wasa yake. To, ba wasa ba ne. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihin wannan hanya kafin a sa ranar tashi.

Mu fara da kanmu. Minna garin Gwari ne tun asali, mu kuwa jirgin ƙasa ne ya tara mu a nan. An fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a 1907, ya ratsa ta Minna, ya isa Kano a 1911, daga baya layin Ikko da ya biyo ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗe da shi a nan. Kakanninmu suka biyo aikin, leburori da 'yan kwangila da mahauta da maƙera da malamai, suka kafa unguwanni. Wanda ya dubi sunayen Kwangila da Maƙera da Limawa ya san ko su wa suka fara kwana a wurin.

Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, wannan dogo da ya kafa mu shi ne ya karya tsohuwar hanyar arewa. Kafin zuwansa, fatu da jima da gashin jimina da turkuɗin Kano a bayan raƙumi suke ƙetare hamada, ta Damagaram da Asbin da Gat da Gadamas har Tarabulus, tafiyar watanni. Da jirgi ya iso Kano, sai su kansu Larabawan da ke zaune a birnin suka ga ya fi musu sauƙi su tura kaya Ikko, a ɗora a jirgin ruwa. A wannan shekara ta 1911 kuma Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi. Cikin ɗan lokaci hanyar ta yi sanyi. Wato kayan da a da ke nufar arewa, ta ƙofar gidanmu suka riƙa wucewa kudu. Ba mamaki mu 'yan Minna muka tashi da sanin jadawalin jirgi, amma ilmin hamada ya kuɓuce mana.

Yaya mutanen da ke shirya irin wannan tafiya? Abu na farko, ba a tashi sai da shugaba. Ayarin fatake yana da madugu, wanda shi ke yanke ranar tashi, shi ke zaɓen zango, shi ke ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin wucewa. Akwai jagaba a gaba, wanda ya san rijiyoyi da mararraba. Akwai uban dawaki mai tara kuɗin da za a biya a hanya, da malami mai riƙe lissafi da addu'a. In madugu ya ce a kwana, an kwana, ko da rana tana tsaka. Ba don ya fi kowa dukiya ba, sai don ya bi hanyar sau da yawa ya dawo da mutanensa.

Na biyu, lokaci. Ayarin gishiri na Buzaye ba ya tashi sai bayan damina, wajen watan Oktoba, lokacin da raƙuma suka ƙoshi, zafi kuma ya fara sauka. Daga Asbin su nufi gabas, su ratsa Tenere zuwa Faci da Bilma, kusan kilomita 600 daga Agadas. Suna ɗauke da gero da za su musanya da kantun gishiri da dabino, kuma suna ɗauke da ciyawar da raƙuman za su ci zuwa da dawowa, don babu ko tsinke a tsakani. Kan hanyar zuwa sukan ajiye wasu ɗaurin ciyawar a cikin rairayi, su tarar da abinsu in sun juyo. Jama'a, a duba wannan da kyau: mutum bai isa inda za shi ba, amma ya riga ya ajiye guzurin komowa. Bayan sun huta a gida sai su gangaro kudu da gishirin, ta Damargu zuwa Katsina da Kano, su shafe rani a ƙasar Hausa, su koma da hatsi da tufafi.

Da irin wannan ayari ne Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo ƙasarmu. Ya bar Tarabulus a watan Maris na 1850, ya shiga Agadas a Oktoba, bai ga ganuwar Kano ba sai farkon Fabrairu na 1851. Fiye da wata goma ke nan, kuma da yawa daga cikinsu jira ne. Ya zauna a Asbin yana dakon ayarin gishiri ya dawo daga Bilma, domin ko da takardun gwamnatin Ingila a jakarsa bai isa ya gangaro shi kaɗai ba.

Hanyar ba ta taɓa zama ta kowa da kowa ba. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka matsa arewa har Bilma a 1906. A Disamba ta 1916 Kawusan ya yi wa barikinsu na Agadas ƙawanya, ba a kwance ta ba sai Maris na 1917, kuma ramuwar da Faransawa suka yi ta watsa mutanen Asbin da raƙumansu. Da yawa sun gudo kudu, wasu har ƙasar Katsina da Kano, inda zuriyarsu suke har yau.

Sai zamanin mota. Bayan an fara haƙar yuraniyom a Arlit a farkon shekarun 1970, an shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, aka gama wajen 1980. Daga nan Minna lissafin kusan haka yake: zuwa Kano ta Suleja da Kaduna da Zariya, kusan kilomita 500, Kano zuwa Damagaram ta Daura, kimanin 240, Damagaram zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisanat, kimanin 450. Jimla wajen kilomita 1,200. Arlit kuwa sai an ƙara wasu 240. Tafiyar da ta ci wa Barth watanni, direba mai lafiyayyar mota zai ce maka kwana uku ne.

Amma mota ta rage kwanaki ne, ba ta ƙara rijiya ko ɗaya ba. Akwai wata bishiya tilo a tsakiyar Tenere, kusa da rijiya, wadda ayari bayan ayari suka riƙa yin alamar hanya da ita, ba wanda ya taɓa sarar reshenta don dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta an kafa ta ƙarfe. Wannan abin takaici ne kawai. Abin kuka shi ne na Oktoba 2013, lokacin da motoci biyu suka tashi daga Arlit suka nufi Aljeriya, suka kauce wa hanyar da aka sani don gudun jami'ai, suka lalace a daji. An tsinci gawa 92, yara 52, mata 33, maza 7, ƙishirwa ce ta kashe su. Akasarinsu mutanen Kance ne ta jihar Damagaram, Hausawa irinmu, masu magana da bakinmu. Allah ya jiƙansu.

Ban da ƙishirwa akwai sha'anin gwamnatoci, wanda shi ma ba ya shawara da matafiyi. Tawayen Buzaye na 1990 zuwa 1995 ya sa ba a bin hanyoyin Agadas sai cikin jerin motoci da rakiyar soja, aka sake wani daga 2007 zuwa 2009, har da binne nakiyoyi. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 an sake rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris 2024, motocin kaya suka yi watanni a Jibiya da Illela. A Janairu 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba mu damar shiga ba tare da biza ba. Kada kuma mu ɗauka duk haɗarin yana can ƙetare. Gajeriyar hanyarmu ta Zungeru da Tegina da Birnin Gwari zuwa Funtuwa, wadda iyayenmu suka saba bi, kowa ya san abin da ya faru a kanta. A 2021 kaɗai an kwashi ɗalibai a Kagara cikin Fabrairu, aka kwashi 'yan Islamiyya a Tegina cikin Mayu.

Mu a ganinmu tafiyar tana da kyau, kuma ya dace 'ya'yanmu su ga hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda aka fara ginawa tun 1515, su ji Hausa a kasuwar garin su san iyakar inda harshenmu ya kai. Sai dai lissafin da aka karanta a zaman nan na kuɗi ne zalla. Ba a faɗi watan da za a tashi ba, alhali tsakanin Maris da Mayu ba lokacin shiga wannan ƙasa ba ne. Ba a yi maganar fasfo da katin allurar shawara da takardun mota ba. Ba a ce jarka nawa ta ruwa ba, ko taya nawa, ko wa za a kira a Damagaram in dare ya yi ba a iso ba. Mota guda kuma aka ce, ba biyu ba.

Kwamitin ya amince a dakatar da karɓar kuɗi tukuna. Za a tura mutum biyu Kano su zauna da direbobin da ke lodin Damagaram da Agadas, su ji halin da hanya ke ciki daga bakin waɗanda suka bi ta kwanan nan, su kuma nemo wanda zai yarda ya ja gaba. In sun dawo za su yi wa zama na gaba bayani, sannan a dubi watan Nuwamba.