Daga Gagai Zuwa Kwalba: Tarihin Maganin Ƙarfin Maza a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya saba bin hanyar Bachirawa ko Rijiyar Zaki a ƙaramar hukumar Ungogo ya san motar mai magani: lasifika a kai, kwalabe jere a baya, ga mai talla yana ta zuba maganar da dattijo ba zai so ya ji a gaban 'ya'yansa ba. Jama'a na wucewa kamar ba su ji ba, sai bayan magariba ka ga mutum ya zagayo shi kaɗai, ya miƙa kuɗi ya soka kwalba a aljihu. To mai karatu, wannan ciniki ya girmi lasifika da ɗaruruwan shekaru, kuma akwai darasi a tarihinsa.

A da can, magidanci ba a bainar jama'a yake neman irin wannan magani ba. Wanzaminsa yake faɗa wa, wanda ya yi masa kaciya ya kuma san gidansu kaka da kakanni, ko kuwa wani tsohon maharbi da ya san saiwoyin daji. Abin da ba a samu a gona da fadama, irin su kanumfari da masoro da citta, sai a shiga birni a sayo a Kasuwar Kurmi, wadda ta kafu tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). A daka a haɗa yaji, a ci da gasasshen nama. Haɗin da ya fi suna shi ne gagai, har ma wani likitan Turawan mulki, J.M. Dalziel, ya sanya shi a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Bahaushe bai ɗauki raunin namiji cuta mai zaman kanta ba. Yakan ce sanyi ne, ko basir, ko zaƙi ya yi yawa, ko kuma sammu. Malamai ma ba su ɗauki lafiyar jiki abin kunya ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817 zuwa 1837) ya yi rubuce-rubuce kan magunguna, har da na basir. Wato tun fil azal an gane cewa matsalar daga cikin jiki take tasowa, ko da yake ba a kai ga sanin ainihin inda take ba.

Da fatauci ya faɗaɗa, sai ga ɓawon wata bishiya daga dazuzzukan Kamaru, wanda Hausawa suka raɗa wa suna ɗan Kamaru. A 1896 wani masani a Jamus ya fitar da sinadarin da ke cikinsa, aka kuma daɗe ana ba maza shi a Turai. Daga baya aka gane yana tayar da hawan jini, yana sa faɗuwar gaba da bugun zuciya.

Babban sauyi ya zo a 1998, lokacin da Amurka ta amince da Viagra. Abin mamaki, kamfanin Pfizer don ciwon ƙirji na masu cutar zuciya ya fara gwada shi a Birtaniya, sai mazan da aka ba suka riƙa ba da wani labari daban. A shekarar ne kuma aka ba wasu masana 3 kyautar Nobel saboda gano iskar da jiki ke saki don jijiyoyin jini su buɗe. Daga nan duniya ta ƙara fahimtar cewa ƙarfin namiji, galibi, maganar gudun jini ce.

Ga inda gizo ke saƙar. Jijiyar da ke kai jini ga al'aura faɗinta bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, alhali ta zuciya ta kai 3 zuwa 4. Idan kitse ya fara toshe hanyoyin jini, ƙaramar ce ke fara nunawa. Shi ya sa likitoci ke cewa raunin mazakuta kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Hawan jini da ciwon suga da taba sigari su ne manyan masu wannan ɓarna. Ashe kakanninmu da suka zargi zaƙi ba su yi nisa da gaskiya ba.

To yaya labarin gagai a yau? A 2005 masana a Jami'ar Ilori suka gwada baƙin gagai a kan ɓeraye, suka ga yana ƙara musu sinadarin maza. Amma binciken da suka yi daga baya ya nuna alamun illa ga maraina da hanta da ƙoda. Duk da haka, tsiron da ke fitowa a dajinmu ya shiga kwalba a Amurka, ana sayar wa masu ɗaga ƙarfe da tsada, alhali shaidar da ake taƙama da ita daga ɓeraye ta fito.

Babban haɗarin ma yana cikin kwalbar da aka rubuta wa "zallar ganye". Tsakanin 2007 da 2016, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gano kayan ƙarin lafiya 776 da aka ɓoye maganin asibiti a cikinsu, kusan rabi na ƙarfin maza ne. A 2022 har a cikin zuma ta same shi. Idan haka ta faru inda ake da tsauraran dokoki, me za a ce da kwalbar da ba ta da lambar NAFDAC? Mai ciwon zuciya da ke shan maganin buɗe jijiya, in ya haɗa da irin wannan bai sani ba, jininsa na iya faɗuwa warwas, a wayi gari ana cewa ajali ne. Wanzamin da yana da gida da suna a gari, in maganinsa ya yi ɓarna an san ƙofarsa. Mai mota kuwa gobe yana wata kasuwa.

A nan Ungogo muna da garin Yadakunya, inda asibitin masu cutar kuturta yake tun shekarun 1930. Mutane sun tako daga nesa da cutar da ake gudunsu a kanta, suka nemi magani. Ɗan'uwa, kai ma yada kunyar. In ka ga canji a jikinka, ka fara da awon jini da na suga a asibitin da ke kusa da kai, ka faɗa wa likita gaskiya har da abin da kake sha a ɓoye. Ka rage zaƙi da maiƙo, ka bar taba, ka riƙa taka ƙafa. Sau da yawa abin da ke damun ka a ɗaki saƙo ne daga zuciya, kuma gara ka karɓe shi tun da sauran lokaci.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.